Jarin Matasan Fasaha: Ina Attajiranmu Suka Shiga?

A matsayina na mai nazarin harshe, kalma nake fara dubawa kafin kuɗi. Kuɗin da ake zuba wa sababbin kamfanonin fasaha, kafafen yaɗa labaranmu kan kira shi "tallafi", wasu su ce "rance". Duka biyun ba su dace ba. Jarin kasada ne: mai kuɗi ya ba matashi, ya karɓi kaso a kamfanin. In an samu, a ci tare; in abin ya rushe, ba ya bin kowa bashi.

Alal misali, Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas, ya samu irin wannan jari daga Y Combinator ta Amurka a 2016. A 2020 kamfanin Stripe ya saye shi a kan abin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200.

To amma jarin waje yana da ƙaya. Da dala yake zuwa, da dala ake auna ribarsa, alhali ciniki da naira ake yi. Bayan Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kamfanin da cinikinsa ya ninka a tsakanin nan, a idon mai jarinsa ramewa ya yi. Asusun naira biliyan 10 a shekara da dokar sababbin kamfanoni ta 2022 ta tanada kuwa, a wancan farashi bai kai dala miliyan 7 ba.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu na kiran makamancinsa ƙiradi: dukiya daga wani, aiki daga wani, asarar uwar kuɗi a kan mai dukiya. Attajiran Kantin Kwari sun daɗe suna ba yaransu jari bisa amana. Sai dai Alhaji ya saba da hajar da zai shiga sito ya ƙirga, manhaja kuwa ba ta ƙirguwa, don haka gara ya sayi fili.

Ba na ganin laifinsa kacokan. Yarjejeniyar da ake miƙa masa da Turancin lauyoyi aka rubuta ta. Lauyoyinmu da mu malaman Hausa ya kamata mu zauna mu fitar da ita da Hausa: kaso nawa ne nasa, wa ke duba littafin ciniki, kuma yaushe zai iya sayar da kasonsa ya fita.