Abrupt: Abin da Aka Yanke Yana Tsakiyar Tafiya

Ɗalibai da dama a Malumfashi, idan suka ci karo da kalmar abrupt a takardar Turanci ta WAEC ko NECO, sai su ce ai kwatsam ke nan, su wuce. Ba su yi kuskure ba, amma rabin ma'anar suka ɗauka.

Kalmar ta samo asali ne daga Latin, daga abruptus, wato abin da aka karya aka ɓalle, kuma ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16. Wannan karyewar ce ta raba ta da 'yar uwarta sudden. Hadarin da ya haɗu farat ɗaya ya tsuge da ruwa ana cikin cin kasuwa, sudden ne. Amma damina ta ɗauke masara na goyo, dawa ba ta gama kai ba, manomi na ta duban gabas, wannan shi ne an abrupt end: abu yana tafiya, aka datse shi, aka bar mutane da hasara. Mutanen Funtua, Bakori da Malumfashi sun ɗanɗana irinsa a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina saboda 'yan bindiga. Dillalin hatsi ya wayi gari ba ya iya kiran abokin cinikinsa na Dawanau. Haka ma cire tallafin man fetur da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu 2023.

Inda ake yawan zamewa shi ne idan an jingina kalmar ga mutum. In aka ce wane ya kasance abrupt, ba sauri ake nufi ba. Ya amsa ne a daƙile, ya katse maka hanzari, ko gaisuwa bai tsaya an gama ba. A ƙasar da sai an tambayi gida da aiki da gajiya kafin a shiga magana, wannan ba ƙaramin zargi ba ne, don haka kada ma'aikaci ya gan ta a rahoton shugabansa ya zaci yabo ne.

Sifa ce, galibi gaban suna take zuwa, sau da yawa da "an" na Turanci a gabanta. In aikatau ake bayyanawa, sai ta koma abruptly: mota ta tsaya cak, the car stopped abruptly. Wajen furuci kuma a gaɓa ta biyu ake danna murya.