Ɗamara ɗaya tal: Yadda masu nutso ke goya tukunyar iska a bayansu

A watan Disambar 2007, wasu Amurkawa biyu, Jarrod Jablonski da Casey McKinlay, suka nutsa cikin wani rami mai ruwa da ake kira Turner Sink a Jihar Filorida, ba su sake ganin hasken sarari ba sai da suka ɓulla a idon ruwan Wakulla, bayan tafiyar kusan kilomita 11 cikin kogo. Duk tsadar na'urorin da suka shiga da su, abin da ya riƙe musu kayan a jiki bai wuce farantin ƙarfe da ɗamarar nailan ba, irin wadda muke ɗaurawa kullum a cikin mota.

Wannan tsari ya samo sunansa daga William Hogarth Main, wani mai nutso cikin kogunan Filorida wanda ya yi suna wajen rage kaya. Ra'ayinsa shi ne duk abin da ba dole ba a bar shi a tudu, domin kowane ƙarin maɓalli ƙarin wurin karyewa ne. Ƙungiyar Global Underwater Explorers, wadda Jablonski ya kafa a 1998, ita ta yaɗa tsarin a duniya.

Farantin kansa ba shi da wani sirri. Na baƙin ƙarfe marar tsatsa yana kai kilo biyu da rabi zuwa uku, na alminiyam kuwa bai cika kilo ɗaya ba. A tsakiyarsa akwai hudoji da ke da tazarar inci 11, inda ake ɗaure tukunyar iska, a kuma saƙala jakar da ake hura wa iska don daidaita nauyi a ruwa. Aikin yana wajen ɗamarar.

Faɗinta inci 2, tsawonta wajen mita uku da rabi zuwa huɗu, kuma ba a yanka ta gida-gida. Ana nemo tsakiyarta a zura ta cikin tsagogin saman farantin, sai kowane ɓari ya haura kafaɗa, ya gangaro ta ƙirji, ya koma baya ya shiga tsagogin ƙasa, sannan ya fito ya zama ɗamarar ƙugu. Wato abin da ya riƙe kafaɗa shi ne ya riƙe ƙugu. A bayan tsagogin ƙasa ana sa ɗan ƙarfe mai tsaga biyu da ke hana ta zamewa, don kada tsawon kafaɗa ya sauya duk lokacin da aka ɗaga kayan.

A nan sabon shiga yake fara shan wahala. Kafin ɗamarar ta shiga tsagogin ƙasa, sai an riga an zura mata duk abin da zai zauna a ƙirji: zobe mai siffar harafin D tare da ƙarfen da ke tsayar da shi, da zagayen roba da aka yanko daga tsohon tif ɗin keke don riƙe tocilan ta ko-ta-kwana. Wanda ya manta ɗaya, sai ya warware duka ya sake, ga sabuwar ɗamara da tauri kamar busasshiyar fata.

Awon ba na tef ba ne, jikin mai kayan ne ma'auni. Zai sanya rigar nutson da zai shiga ruwa da ita, ya goya farantin ba tare da tukunya ba, ya miƙa hannu ta bayan wuya. Idan yatsunsa sun taɓa saman farantin, tsayin ya yi. Dalilin wannan gwaji ba ƙarami ba ne: a daidai wurin ne makunnin tukunya zai zauna, kuma idan iska ta fara tsiyaya a zurfin mita 30, ko aka shiga ruwa makunnin a rufe bisa kuskure, hannun mutum ne zai fara cetonsa kafin na abokin tafiya. Farantin da ya zazzago ƙasa ya raba shi da makunnin. Wanda ya haura da yawa kuma, ƙeya za ta riƙa bugun ƙarfe duk lokacin da ya ɗaga kai.

Zobban ƙirji ma haka. Mutum zai buɗe hannuwansa gefe da gefe, ya lanƙwaso su, inda babban yatsa ya sauka, ɗan ƙasa da ƙashin wuya, nan zoben zai zauna. A cikin ruwa mai laka ba a ganin ƙirji, lalube ake yi. Zobe na uku yana kwankwason hagu, daidai ɗinkin gefen wando, a nan ake maƙala agogon da ke nuna ragowar iska. Kuben wuƙa yana kan ɗamarar ƙugu ta hagu, inda kowane hannu zai iya kaiwa. Gefen dama kuwa an bar shi ga batirin babbar fitila.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure kafaɗu tamau. Duk macen da ta taɓa goyo ta san majanyi ne ke riƙe yaro, ba matse ƙirji ba. Kafaɗun ana barinsu da sararin yatsu biyu zuwa uku, ƙugu ne ke ɗaukar aikin, tare da wata ɗamarar dabam da ke tasowa daga gindin farantin ta bi tsakanin cinyoyi kamar bante, ta ƙare da madauki a gaba wanda ɗamarar ƙugu ke ratsawa. Ita ce ke hana kayan haurowa kan mutum idan ya taso saman ruwa jaka cike da iska. Mutane da yawa kan raina ta, wasu don kunya, sai sun ga tukunya tana neman danne musu kai.

Ruwa kuma yana da nasa awon. Kowace mita 10 a teku tana ƙara matsin da ya kai na iskar sarari gaba ɗaya, rigar roba ta motse, ɗamarar da ta yi daidai a tudu ta saki. Shi ya sa masu gogewa ba sa gaggawar datse rarar. Sai an shiga ruwa sau da dama, an gyara, sannan a yanke a bar kamar taƙi guda, a ƙona bakin da wuta don kada ya zare.

Tsarin yana da masu suka, kuma ba su rasa hujja ba. Ɗamarar da ba ta da maɓalli a kafaɗa tana da wuyar cirewa, musamman ga mai ciwon kafaɗa ko wanda ake ƙoƙarin fitarwa a sume. Amsar magoya bayansa ita ce a sa almakashi a yanke, ɗamara ai araha gare ta. Amma fa sai in mai ceton yana ɗauke da almakashin.

A Nijeriya akwai dokokin aikin nutso na 2018 a ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma duk lokacin da kwalekwale ya kife a Neja ko Binuwai sai an nemi masu nutso. Jami'in da takardar sayo irin waɗannan kaya ta biyo ta teburinsa zai so ya san cewa farantin ƙarfe kan shekara da shekaru bai gaji ba, ɗamarar ce ke cinyewa a daidai inda take gogar tsaga. Ya kamata takardar ta ƙunshi rarar ɗamara, da almakashi ga kowane mutum, da kuma suna a jikin kowane faranti, tunda wanda aka auna wa mai nutso guda ba zai zauna wa na biyu ba sai an sake zama an warware.