Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa a Zaman Makokin Tsohuwa

Idan tsohuwar unguwa ta rasu, irin wadda kowa ke kira Iya ko Hajiya Babba, akwai maganganun da ba a rasa jin su a zaman makoki. Bayan "Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta", sai wani ya ce ai ta haura shekara ɗari da goma. Wani ya karɓe da cewa baiwar Allah, ba ta taɓa aiki ba, a ɗakinta ta ƙare rayuwarta. Da kyakkyawar niyya ake faɗa. Amma in aka auna, za a ga mun saba ƙara wa tsohuwa shekaru, mu rage mata aiki.

Mu fara da shekarun. A duk duniya, mutumin da takardu suka tabbatar ya fi kowa daɗewa wata Bafaranshiya ce, Jeanne Calment, wadda aka haifa a 1875, ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Mu kuwa kusan kowace unguwa na da mai ɗari da ashirin ɗinta. Ba ƙarya ake shirgawa da gangan ba. Lokacin da aka haifi kakanninmu ba a rubuta haihuwa a yawancin garuruwa, dokar da ta tilasta rajistar haihuwa a duk faɗin Najeriya ma sai daga baya aka yi ta. Da manyan abubuwan da suka faru ake lissafi: shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911, ko zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, ko canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973.

Kuma waɗannan su ne ke warware zancen. Tsohuwar da ta ce tana amarya Sarauniya ta zo hawan daba Kaduna, in an aurar da ita tana da sha biyar kamar yadda aka saba a lokacin, to wajen 1941 aka haife ta, sai 2041 za ta cika ɗari. Hanya mafi sauƙi ma ita ce a dubi autanta. In yana da 55 aka ce ita tana da 120, ke nan tana da 65 ta haife shi, abin da ko ungozomar ƙauye za ta yi wa dariya. Akwai kuma ɗan bambancin lissafin wata: shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma zuwa sha ɗaya, don haka wadda ta ga watan azumi ɗari, shekara 97 ke gare ta a lissafin Bature. Ana samun masu ɗari na haƙiƙa, amma ba su kai yawan da ake faɗa ba. Mafi yawan wannan zance jita-jita ne.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne "ba ta taɓa aiki ba". Abin da ake nufi shi ne ba ta taɓa karɓar albashi ba. To amma wa ke tashi kafin asalatu ya hura wuta? Surfe, daka, tankaɗe, wanki da hannu, rainon 'ya'yanta da na kishiya da na riƙo, jinyar uwar miji har ranar da aka ɗauke ta, duk a wuyanta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa ana yin awa biliyan 16.4 na aikin kula da gida da iyali kowace rana ba tare da biya ba, kuma sama da kashi uku cikin huɗu mata ke yin sa. Da za a biya shi ko da a kan mafi ƙarancin albashi, da ya kai kimanin kashi 9 cikin ɗari na abin da duniya ke samarwa a shekara. Lissafin tattalin arzikin ƙasa ba ya ƙirga shi, mu ma sai muka bi sahu.

A ƙasar Hausa ma zancen bai tsaya a nan ba, domin matar kulle 'yar kasuwa ce. Wata masaniya daga Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta a 1969 kan cinikin da ke gudana cikin gidaje, wanda baƙo ba ya gani ko da ya zaga garin sau goma. Matar kulle ita ke soya gyaɗa ta matse mai ta murza ƙuliƙuli, ta dama fura, ta yi ɗanwake, yara su fita da shi talla. Tana ɗinkin hula, tana kiwon awaki a bayan ɗaki, tana zubin adashi. Kuɗin nata ne, shari'a ba ta ba miji iko a kansu ba, kuma da su ake haɗa kayan ɗakin 'ya'ya mata. In hatsin rumbu ya ƙare kafin kaka, sau da yawa daga ƙullin bakin zanenta ake auno na tuwon dare, maigida bai ma san an yi ba, ko ya sani ya kau da kai. A tambayi 'ya'yanta maza da suka yi boko wa ya sayar da akuya aka biya kuɗin jarrabawa.

Akwai kuma masu ganin hidimar jama'a ta mata sabon abu ne da ƙungiyoyin waje suka kawo. Wannan ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta kafa tsarin 'Yan Taru tun kafin Turawa su ci ƙasar da shekaru masu yawa. Takan zaɓi dattijuwa amintacciya, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ita kuma ta riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu, ta koma ta koyar. Ba albashi ake ba su ba. Ƙungiyar FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 ta tarar da hanya a share. Ko ba ƙungiya, kowace unguwa ta san wadda ake buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta tashi, wadda ke wankan gawar mata, wadda ake kai wa amaryar da ta yi yaji ta lallashe ta. Da aka ayyana a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Najeriya da Afirka baki ɗaya, manya aka nuna a talabijin. Amma gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaurensa, mata 'yan sa-kai ne suka shiga, suka zauna a kan tabarma suka shawo kan uwar da ke ɓoye ɗanta a ɗaki, bayan ƙauracewar da aka yi wa rigakafin a Kano a 2003.

Saura zancen cewa aikin gida ne ya sa ta daɗe, "mutanen da" sun fi mu ƙwari. Nan rabi da rabi ne. Motsa jiki na da amfani, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa tsohon da ke cikin jama'a, ana shiga ana fita a wurinsa, ya fi wanda ke zaman kaɗaici tsawon kwana. Mata kuma sun fi maza daɗewa a kusan kowace ƙasa. Sai dai mu waɗanda suka tsira muke gani. Ƙawayenta da aka yi musu lalle shekara guda, nawa ne suka tafi wajen haihuwar fari, nawa sanƙarau ya ɗauka? Murhun da muke yabo shi ma yana da nasa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida, na itace da gawayi da makamantansu, na kashe mutum kimanin miliyan uku a shekara, kuma mata da yara ƙanana suka fi shaƙar sa. Tarin nan da tsohuwa ke yi da asuba, wanda jikoki ke cewa na tsufa ne, sau da yawa na shekara sittin ne a bakin murhu.