Amanar Asibiti: Dalilin da Ya Sa Ɗan Kwamiti Ba Ya Gama Karatu



Wataƙila wani zai yi mamakin abin da ya kai malamin Hausa ga maganar asibiti, alhali bai taɓa riƙe allura ba. To, ai galibin mutanen da nake son yin magana a kansu su ma ba likitoci ba ne. Su ne waɗanda akan naɗa cikin hukumar gudanarwa ko kwamitin amintattu na asibiti: tsohon ma'aikaci, da attajiri, da hakimi, da malami, da wakiliyar mata. Kalmar "amintacce" daga amana ta fito, watau abin da aka ba ka ajiya kuma za a tambaye ka a kansa. Abin da nake son nunawa shi ne, sanin da mutum ya shigo kwamiti da shi yakan tsufa, kuma mai tsohon sani ba ya iya tsare sabuwar amana.

Bari mu dubi ƙasar Daura. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa, ga kuma iyaka da Jamhuriyar Nijar, inda marar lafiya ba ya tambayar ko wace ƙasa ce kafin ya nemi magani. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 wuraren kiwon lafiya suka yi ta ƙaruwa a nan, har aka buɗe asibitin rundunar sojan sama a Daura a 2019. Kowane asibiti kuwa, babba ko ƙarami, akwai waɗanda suke sa hannu a kan kasafinsa. Idan suka sa hannu a kan abin da ba su fahimta ba, mai naƙuda ce a Baure za ta biya kuɗin kuskuren.

Fanni na farko da sani yake tsufa a cikinsa shi ne na cuta da magani. Shekara da shekaru kulorokwin ne maganin zazzaɓin cizon sauro, har ƙwayar cutar ta saba da shi, Nijeriya ta koma ga magungunan haɗi masu sinadarin atemisinin a 2005. Haka kuma sanƙarau. Bayan mummunar annobar 1996, an fara yi wa jama'ar Arewa allurar MenAfriVac daga 2011, wadda ta karya lagon nau'in A na cutar. Amma a 2017 sai nau'in C ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar da take kare mutum daga nau'i 5. Ɗan kwamitin da ya tsaya a kan sanin 2011 zai ce ai an gama da sanƙarau, ya ƙi ware kuɗin shirin bazara.

Fanni na biyu shi ne doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda yake cikin halin gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na dunƙulallen kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. A 2022 kuma aka yi dokar da ta wajabta inshorar lafiya. Wanda bai san waɗannan ba, ta ina zai nema wa asibitinsa haƙƙinsa, ko ya tsawata wa ma'aikacin da ya ce sai an biya kafin a duba wanda ya yi haɗari?

Na uku shi ne kuɗi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, wanda ya yaɗa tsarin asusun magani mai juyawa: a sayar da magani da rangwame, a mayar da kuɗin a sayo wani. Tsari ne mai kyau, amma ba ya rayuwa sai da mai duba littafi. Idan aka riƙa ɗibar kuɗin ana sayen man janareta, ko ana ba da bashi ba a rubutawa, cikin 'yan watanni kantar magani za ta zama wayam. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kaɗai. A Ingila, a asibitin garin Sitafod, marasa lafiya sun sha wulaƙanci tsakanin 2005 da 2009. Rahoton binciken da lauya Robert Francis ya fitar a 2013 ya nuna cewa hukumar asibitin ta duƙufa kan daidaita lissafin kuɗi, ta yi biris da koke-koken majinyata da na ma'aikata. Mutane ne masu digiri, amma ba su koyi tambayar da ta dace ba.

To, mene ne abin yi? Na farko, duk wanda aka naɗa a ba shi horo na 'yan kwanaki kafin ya zauna a kujera. Na biyu, a kowane zama a keɓe rabin sa'a domin likita, ko unguwarzoma, ko akawu, ya yi bayanin abu guda. Na uku, 'yan kwamiti su riƙa zagaya ɗakunan jinya da ƙafarsu, su ji daga bakin masu jinya. Na huɗu, kuma a nan ne mu malaman Hausa muke da aiki, a fassara dokoki da rahotanni zuwa Hausa. Sau da yawa dattijo mai hangen nesa yakan yi shiru a taro don kawai takardun da Turanci aka rubuta su, ba don ba shi da abin faɗi ba.

Ba a neman ɗan kwamiti ya zama likita. Ana neman ya iya tambaya: mata nawa suka rasu wajen haihuwa a watan jiya, kuma me ya jawo? Kwana nawa aka yi babu jini a ma'ajiya? Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa, kuma gemu ba ya hana ilimi. Ku ɗalibai da ma'aikata da kuke zaune a nan, wasunku gobe za a miƙa wa wannan amana. Ranar da takardar naɗi ta iso, ku ɗauke ta a matsayin takardar shiga makaranta.