Kada Ka Ba da Kafin Alƙalami a Kan Wannan Focus Ɗin

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hankalin masu neman mota ya koma kan ƙanana marasa shan mai, dillalai kuma sun gane haka sarai. Cikin tokumbon da ake jan mutane a kai har da Ford Focus 'yar Amurka mai giyar otomatik, ƙirar 2012 zuwa 2018, da ƙanwarta Fiesta daga ƙirar 2011. Jiki sumul, ciki fes, farashi ƙasa da na Corolla sa'arta nesa ba kusa ba. Ma'aikacin da ya ɗauki adashi da matashin da ke son shiga haya su ne a gaba-gaba. Don Allah ku dakata. Arahar nan tana da dalili, dalilin kuwa yana cikin giyabos.

Giyar da Ford ya raɗa wa PowerShift, mai lamba DPS6, a hannun direba otomatik ce: ka sa D ka tafi. A ciki kuwa giyar hannu ce mai busassun kuloci biyu, ɗaya na riƙe da giya ta 1, 3 da 5, ɗayan ta 2, 4, 6 da ribas. Wata 'yar kwamfuta da ke manne a jikin giyabos ɗin ke taka su a madadinka. Busasshen kuloci ba ya shiri da mai, ba ya shiri da zafi. Idan robar da ke tare man giya ta fara yoyo, man ya taɓa farantin kuloci, sai mota ta kama karkarwa duk sa'ad da za ta tashi daga tsaye. Ka taka totur ta yi jim, sannan ta fizge ka. Idan kwamfutar ce ta fara ciwo, abin ya fi muni: mota na cikin tafiya giya ta sake ta, injin na ihu, taya ba ta ja. A ce hakan ya same ka kana tsakiyar wuce tirela a hanyar Kaduna zuwa Zariya, da iyali a baya.

Wannan ba zargin 'yan gareji ba ne. Ford da kansa ya tsawaita garantin kuloci da robobin zuwa shekara 7 ko mil 100,000, na kwamfutar kuma shekara 10 ko mil 150,000. A 2018 kotun tarayya a Ostireliya ta ci kamfanin tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya yi da koke-koken masu wannan giya. A 2019 jaridar Detroit Free Press ta fito da takardun cikin gida da ke nuna cewa an san da matsalar tun kafin motocin su shiga kasuwa. Masu motocin a Amurka sun haɗa kai sun kai ƙara, aka ƙare da sulhu da biyan diyya. Yau garantin ya ƙare wa mafi yawansu. Wanda ya saya a Kano ko Maraɗi, aljihunsa ne garantinsa.

Nan ne kuma kuɗi ke zurarewa. A Amurka ma sauya kulocin kan haura dala 1,000, kayan kuwa da dala ake shigo mana da su, dalar da ta tashi daga ƙasa da naira 500 zuwa sama da 1,500 tsakanin 2023 da 2024. Sai an sauke giyabos ɗungurungum kafin a kai ga kuloci, ɗaura shi na buƙatar kayan aiki na musamman, bayan an ɗaura kuma dole a jona na'ura a sake koya wa kwamfutar inda sabon kulocin ke kamawa. In aka tsallake wannan, karkarwar na nan dawowa. Bakaniken da bai san giyar ba, ba da mugun nufi ba, zai fara da abin da ya saba: fulogi yau, kwayil gobe, jibi injin sit, kai kuwa kana ta biya. Wani ma ya ɗura mata man otomatik na yau da kullum, alhali nata daban ne. Daga ƙarshe a ce, “Alhaji, mu ɗaura mata giya Beljiyam kawai.” To daga jikin wace mota aka ciro wadda ke Ƙofar Ruwa ko Panteka? Daga irin taka, mai irin ciwon taka.

Hanyoyinmu ba sa taimakawa. Jan ciki a cunkoson Mararaba ko Kurna cikin zafin Afrilu shi ne abin da ya fi cinye irin wannan kuloci, domin rabi a kame yake, rabi a sake, yana ta gogawa. Akwai kuma matsalar wani bawul na tururin fetur da ke kashe injin har ya lotsa tanki, wadda ta sa a 2018 aka kira Focus kusan miliyan 1.5 gyara. Ba kowace ce aka kai ba kafin a loda ta a jirgi.

In ka nace sai Focus, nemi mai giyar hannu. Ba ta da wannan larura ta giya. In otomatik ce aka kawo maka, kada ka yarda da zagaye ɗaya a bakin fili da sanyin safiya. Tuƙa ta kamar rabin awa har ta yi zafi, ka shiga cunkoso, ka tsaya a hawa ka tashi, ka sa ribas sau da yawa. Zo da mai na'urarka, ba na dillali ba, domin ana goge alamun matsala kafin mai saye ya iso. Sa lambar shasi a shafin NHTSA, hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, ka ga ko akwai kiran gyaran da ba a amsa ba.

Wanda ya riga ya saya, kada ka lulluɓe aibin ka tura wa ɗan'uwanka. Faɗa masa gaskiya ku yi ciniki a kai. Kafin nan, a cunkoso bar tazara ka tafi gaba ɗaya maimakon jan ciki, a hawa riƙe ta da burki ba da totur ba, ka kula da batir da wayar as, don raunin wuta na rikita kwamfutar. Ranar da giya ta fara sakinka cikin tafiya, ko sau ɗaya ne, kada ta sake hawa babbar hanya sai mai na'ura ya duba ta.