Yashin Tokara da Matsalar Ruwa a Rijiyar Mai

Manomin Bichi ko Ɗambatta in ya haƙa rijiya, ruwa yake nema. Mahaƙin man fetur kuwa gudun ruwa yake yi, domin wanda ke biyo mai galibi na gishiri ne, yakan kuma kashe gona.

A 1947, a Kansas ta Amurka, aka fara tsaga dutsen ƙarƙashin ƙasa da kakkauran fetur, aka cusa yashi don kada tsagar ta rufe. Shi muka kira yashin tokara. Iri uku ne: yashi zalla, da wanda aka shafe da ƙaro, da ƙwayoyin gasasshen yumɓu masu jure matsin rijiya mai zurfi. Akwai kuma shafin da ruwa ba ya kamawa, watau yakan ba mai hanya, ya rage wa ruwa gudu. Amma idan tsagar ta gangara har shimfiɗar ruwa, to, yashi kaɗai ba ya magani.

Mai ya matso kusa da mu: Agadem ta Nijar ta fara bayarwa a 2011, an ƙaddamar da aikin Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022. Saboda haka, a ƙasa irin tamu inda gona ke manne da gona, wajibi ne ma'aikacin hukuma ya tambaya kafin ya sa hannu: wane yashi aka zaɓa, ina kuma ruwan zai tafi?