Me Ya Sa Na Baya Ba Ya Ganin Allo?

Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya, a aji ko a gidan kallon ƙwallo a nan Ajingi, ya san wahalar. Malam na rubutu, ko an ci ƙwallo, kai kuwa ƙeyar na gabanka kake kallo. Sai a ce ai gajarta ce ta jawo maka. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun duba lamarin, mun ga ba nan gizo ke saƙa ba.

Idan babban mutum ya zauna a kujera, idonsa yana kimanin mita 1.2 daga ƙasa. Daga ido zuwa tsakar ka kuma akwai wajen santimita 12. Wannan 'yar tazara ita ke tare na baya, ko da tsawonsa ɗaya da na gabansa. Hula da ɗaurin ɗankwali kuwa ƙara ta suke yi.

Shi ya sa masu zanen gini ke ɗaga kowane layin kujeru sama da na gabansa, don ganin na baya ya bi ta saman kan na gaba. Wanda ya taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano ya ga irin matakalan. Dabarar ta daɗe: Girkawa sun gina dandalin wasan kwaikwayo na Epidaurus a gangaren tudu fiye da shekara 2,300 da suka wuce.

To, mu daɓen azuzuwanmu a shimfiɗe yake, kuɗin matakala kuma babu. Amma akwai abin yi. Kada gindin talabijin ko na rubutun allo ya gaza mita 1.2 daga ƙasa. A goce bencina kaɗan, yadda kowa zai hango ta tsakanin kawuna biyu. Dogaye su haƙura su koma baya. Nisa ma da ƙa'idarsa: in rubutu za a karanta, na ƙarshe kada ya wuce ninki 6 na tsayin fuskar talabijin. Mai tsayin rabin mita, mita 3 ke nan kacal!

Roƙonmu ga malamanmu: a sa ɗalibi a bencin ƙarshe ya nuna inda ganinsa ya tsaya, a ja layi da alli a wurin, rubutu ya riƙa tsayawa samansa.